Sanda a But, Ƙafa a Kan Birki

Masu tambayata a ƙasan rubutun da ya wuce wai me ya sa ba na tanka wa mutanen gidanmu in suna yi da ni, ga amsarku: ba a bar min wuri ba ne. Magana a gidanmu kamar bas ɗin safe take, in ba ki iya ture ba sai ki tsaya a tasha kina kallo. Ni kuwa tun ina ƙarama mai tsayawa ce. In ji, in ajiye, in na same ku in zazzage.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni ce ake kira Kofur. Tuƙin babbar mota na yi a soja, har ranar da motar gaban ayarinmu ta taka abin da ta taka, tawa ta kife a rami da ni a ciki. Na fito da raina, da ƙarfe a cinyar hagu, da sallama daga aiki. Tun daga nan alawus ɗin rauni yake shigowa duk ƙarshen wata, kuma tun daga nan na zama 'yar lelen gida. Da can ni ce “wannan mai taurin kan da ta tafi sa wando”. Yanzu ni ce “Kofur ɗinmu”. Ashe duk abin da ake buƙata kafin dangi su so mutum shi ne mota ta danne shi.

Mu huɗu ne a gidan. Akwai Umma, wadda na gado shiru a wajenta. Akwai Goggo, yayar Babanmu marigayi, da ta zo jinyata ta manta hanyar komawa. Sai Yaya, wanda yake “harkoki”. Ban taɓa ganin harkar ba, amma ina ganin takalman. Shi ke riƙe da katin bankina, wai don kada in wahala da bin layi. Allah ya saka masa, ya ɗauke min wannan nauyin kakaf.

Yaya yana da wani labari da yake ba mu kamar maganin safe da yamma. Wai abokin abokinsa ya san wani tsohon soja da aka ɗauka hoto yana aiki, washegari aka yanke masa alawus. Farkon da na ji labarin, buhun siminti mutumin ya ɗauka. Daga baya ya koma tayar mota. Na ƙarshen da na ji, jikansa ya ɗaga sama yana masa wasa. In aka ci gaba a haka, nan gaba kaɗan atishawa za a ce ya yi da ƙarfi.

Saboda wannan bawan Allah da ba wanda ya san sunansa aka kafa min doka: ba na taka bakin ƙofa sai da sanda. Irin ta ƙarfe mai hannun roba da ake zura dantse a ciki. Kada ku ce ƙarya nake da ciwon, sandar tana da ranarta. In gari ya yi sanyi, ko na daɗe a tsaye, ko yamma ta yi, cinyar nan sai ta riƙa ci kamar an zuba garwashi a cikin ɓargo, a lokacin ni da kaina nake laluben sandar. Amma da safe ina tafiya da ƙafata, da ɗan ɗingishin da sai mai sa ido zai gani. To a layinmu kowa mai sa ido ne, in ji Goggo, kuma ɗingishin nawa bai gamsar da ita ba.

“Ba haka ake yi ba,” ta ce min wata safiya. “Kina tafiya kamar mai zuwa karɓar kyauta.”

“Goggo, ƙafar tawa ce fa.”

“Taki ce, amma ba ki iya ta ba. Kawo ki gani.”

Ta karɓi sandar, ta zagaya tsakar gida tana jan ƙafa tana nishi, har da ɗan karkace baki. Ƙafar dama ta ja. Ban gyara mata ba, na ga ta ba da himma.

Ni karatu ban same shi da wuri ba. Sai da na dawo na zauna sannan na shiga ajin manya na yamma, ina zama a benci ɗaya da kakanni, har na fito da takardar shaida. Abin da karatun girma ya koya min guda ɗaya ne: in ba ki gane ba ki tambaya, kunyar ta riga ta wuce tun ranar da kika riƙe fensir a gaban jikar ƙawarki. Don haka wata rana na ɗauki sandata na tafi ofishin tsofaffin sojoji, na zauna gaban wata mata mai tabarau a kan hanci, na ce mata ina son komawa aiki.

“To ki koma mana,” ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Ba za a yanke min ba?”

Sai ta ɗago. “Irin naki na raunin da kika ji ne, ba ladan zaman gida ba ne. In kin fara ki sanar da mu. Likitoci za su duba ki lokacin da suka saba, abin da suka gani shi za su rubuta.”

“Za a iya ragewa ke nan?”

“In ƙafar ta yi sauƙi, ana iyawa. Ta yi?”

“A'a.”

“To me kike so in ce miki?”

Na dawo gida da murnata, na faɗa musu. Wannan shi ne kuskurena, na manta inda nake.

“Tarko ne,” Yaya ya ce, yana goge takalmi. “Haka suke yi. Su yi miki murmushi, ki saki jiki, su ɗauki hoto.”

“Wa ya aike ki?” in ji Goggo. “Ana zaune lafiya ki je ki tsokano tsuliyar dodo. In aka yanke, iska za mu ci?”

Umma ta ci gaba da ninke wanki. Ni ma na ja bakina na yi shiru. Washegari na fita neman aiki.

Makarantar koyon tuƙi ce a bayan tashar bas, ɗaki ɗaya da fanka mai kuka, da fili mai gangunan da aka jera, da ƙananan motoci masu allo a saman rufi. Manajan wani gajeren mutum ne mai murya kamar lasifika. Ya kalli lasisina, ya kalli sandar, ya sake kallon lasisin. Ya sa na yi ribas tsakanin ganguna, sannan ya sosa ƙeya.

“Mata da yawa suna neman malama mace, ba ni da ita,” ya ce. “Zan gwada ki wata guda. Amma ki sani, ni ɗalibi nake ji. Ɗaya ya zo ya ce bai gamsu ba, ko ƙafarki ta ba shi tsoro, mun rabu lafiya.”

Na koma wajen mai tabarau na sanar da ita. Yanzu dai ga yadda lamarin yake: hukuma ta san ina aiki, gidanmu ne bai sani ba. A gida gashin ƙashi nake zuwa asibiti kullum. Goggo har yaba wa likitocin take, wai tun da aka ƙara min gashin nake cin abinci da yawa. Ina fita da doguwar riga ruwan toka da mayafi da sandata, ina jan ƙafa yadda aka koya min har in sha kwana. A makaranta in shiga banɗaki in tuɓe rigar, dama da baƙin wando a ciki, in ɗaura takalmin kambas, in ɗora rigar aiki ruwan ɗorawa mai rubutu a baya. Sandar kuwa sai in jefa ta a but ɗin mota, ta huta ni ma in huta.

Ban san yadda zan kwatanta muku ranar farko ba. Ƙamshin man inji da robar kujera kawai na shaƙa, sai da na juya fuska ina gyara madubin da ba abin da ya same shi.

Yanzu bari mu zo kan wanda kuke jira, don na san ba don ƙafata kuke bin labarin nan ba.

Mai kemis ɗin bakin titi ne, inda nake sayen maganin ciwo. A wayata na sa masa suna Sannu, saboda duk saƙonsa da ita yake farawa. “Sannu da jiki.” “Sannu da tashi.” “Sannu, kin sha na rana?” Rannan na ce masa na ga wata riga ta burge ni, ya rubuto, “Sannu.” Dogo ne siriri, kullum cikin farar riga mai guga kamar takarda, agogonsa ya yi wa hannunsa yawa. In ya zo wajena, a tasi yake zuwa, amma da makullin mota a hannu yana juya shi a yatsa. Motar tana wajen makaniki. Tun da muka haɗu take can. Na taɓa tambayarsa me ya same ta, ya ce, “Ciki ne.” Na ce cikin me, ya ce, “Cikin injin.” Na ce Allah ya ba ta lafiya.

Kada ku yi masa dariya da yawa, ina son mutumin nan. Bai taɓa cewa in ba shi labarin ranar da motar ta kife ba, alhali kowa da shi yake buɗe hira. Yana zama ta damata don kada ya buge ciwon. Ya lura kujerar falonmu ta lotsa, ya kawo matashi bai ce komai ba. Matsalar dai soyayyar tasa rigar ma'aikatan jinya take sawa. Ranar da ya gabatar da kansa a gida, ya zauna a bakin kujera ya haɗe gwiwoyi, ya ce wa Goggo:

“Ni in Allah ya yi, ko cokali ba za ta ɗaga ba. Ni zan riƙa kai ta asibiti da kaina, in jira ta, in dawo da ita.”

“Alawus ɗin fa?” Yaya ya jefo daga bakin ƙofa, kamar wanda maganar ta faɗo masa yanzu.

“Ba ruwana da shi, Yaya. Yadda kuka saba.”

A nan Goggo ta fara share hawaye. A ranar aka ba shi ni, saura shaidu kawai. Daga baya ya faɗa min sai da ya yi fama da mahaifiyarsa da 'yan uwansa mata kafin su yarda ya nemi mai lalura. Yana faɗa idonsa yana ƙyalli. Na so in gaya masa gaskiya a lokacin, amma yaya za ki ce wa mutumin da ya dawo daga yaƙi dominki ai garin lafiya ƙalau yake?

Safiyar da abin ya faru, saƙonsa ya riga ni tashi.

“Sannu da jiki. Yau ina da taro da masu kawo magani, ba za ki same ni a waya ba. Kada ki bari su gajiyar da ke a gashi.”

Na mayar masa: “To. Allah ya ba da sa'ar taro.”

Ina isa Manaja ya tare ni. Matar wani abokin aikina ta haihu, ɗalibansa sun dawo hannuna. “Na farkon yana mota,” ya ce. “Ya gama zagaye fili, yau zai fara hawa titi. Ki bi shi a hankali, mai kunya ne. Ya roƙa kada a bi da shi ta inda aka san shi.”

Na jefa sanda a but, na buɗe ƙofar gefen malami na zauna. Ɗalibin ya ja hular hana sallama har kan gira, ga baƙin tabarau, ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar za a ƙwace. Agogon na fara gani, ya zamo har tsakiyar dantse.

Na ce, “Yaya taro?”

Ya juyo. Ya cire tabarau. Ya mayar. Ya sake cirewa.

“Sannu,” ya ce. Allah shaida abin da ya ce ke nan.

“Yauwa. Ɗaura bel.”

“Me kike yi a nan?”

“Gashin ƙashi. Kai fa, masu maganin suna kujerar baya ne?”

Ya kalli rigata, ya kalli ƙafafuna a gaban birki da kulocin da aka ƙara a gefen malami, ya leƙa bayan kujera.

“Ina sandar?”

“Tana but. Ina motar?”

Ya hau murza agogonsa har na fara jin tausayinsa. Can ya ce, “Tana gida. Lafiyarta ƙalau. Na saya ne don ke, sai na tuna ban iya ba.”

Da a wani labarin ne, nan za mu fashe da dariya mu yafe wa juna. Ni na ɗan murmusa. Shi bai yi ba. Manaja yana tsaye a ƙofar ofis ya riƙe ƙugu yana kallonmu, don haka na ce, “Taka kuloci, sa giya ɗaya. Ma yi maganar a hanya.”

Motar ta yi tsalle kamar akuya, ta mutu. Ya sake tayarwa. Da ƙyar muka fita daga filin, muka hau titi da gudun da mai tura baro ya wuce mu yana waige.

“Tun yaushe?” ya ce, idonsa a kan hanya.

“Watan bai cika ba. Gwaji nake. Saki totur, sa ta biyu.”

“Su Goggo sun sani?”

“Da sun sani da ka ji daga kemis. Dubi madubi.”

“Amma hukuma fa? In aka gan ki?”

“Ni na kai musu kaina. Sun ce Allah ya taimaka.”

Ya haɗiye wannan da ƙyar. Wata bas ta danna mana hon, ya firgita ya kunna abin goge gilashi.

“Ni na ce wa mahaifiyata ba kya iya tsayuwa,” ya ce. “Na ce mata in ban aure ki ba wa zai kula da ke. Ta yi kwana da kwanaki ba ta amsa gaisuwata. Yanzu me zan koma in ce? Kin warke?”

“Ban warke ba.”

“To ga ki nan kina…”

“Ga ni nan ina zaune a kujera, kamar yadda nake zama a gida. Bambancin wannan tana tafiya.”

“Ni ba haka na tsara ba.”

Wannan kalmar ce ta ɓalle min baki. Ni da ake yi wa kirarin kurma, sai ga ni ina zuba. Na ce masa kowa ya tsara. Yaya ya tsara, Goggo ta tsara har da salon ɗingishi, shi ma ya tsara da motarsa da matashinsa, ni kaɗai ce ba a kira taron ba. Na ce shekarun da na yi ina jan mota mai tayoyi fiye da yatsun hannunsa a hanyar da ba kwalta, ba wanda ya ce min sannu, yanzu da nake zaune ina kallon bango an cika ni da ita har ta fara fita ta hanci. Na ce ciwon nawa ne, ni nake kwana da shi, amma kowa ya samu abin yi da shi ban da ni. Na faɗi wasu abubuwan ma da ba zan rubuta ba, Umma tana iya sa a karanta mata.

Rana ɗaya tak da na buɗe baki, ita ce ranar da ban kalli hanya ba. Mun wuce shataletale ban ce masa ya miƙe ba. Da na farga, mun bar babban titi, ga shagon mai walda, ga bishiyar da ta karkato kan katanga, ga kwalbatin da ya fashe.

“Ina za ka kai mu?”

Ya kalli gaba, fuskarsa ta sauya. “Wannan hanyar kaɗai na haddace,” ya ce a hankali. “Kullum ita nake bi da ido a tasi. Inda zan sa sigina, inda zan rage gudu. Hannuna ne ya juya.”

Layinmu ne. Ga waɗanda ba su sani ba, layinmu siriri ne kamar zariya, hawa ne tun daga kwana har ƙofar gidanmu, mota biyu ba sa giftawa. Na waiga don mu yi ribas, sai ga tankar ruwa ta shigo bayanmu ta cike layin bango zuwa bango.

“Kada ka tsaya,” na ce. “Kada ka kalli kowa. Riƙe totur ɗinka mu wuce, ta can ƙarshe akwai mafita.”

Da mun wuce. Wallahi da mun wuce, don Goggo tana kan kujerarta a bakin ƙofa tana shan hantsi, idonta a lumshe, Yaya kuma ya duƙufa a kan waya. Amma mutumin nan an ba shi tarbiyya. Ba zai iya gifta surukarsa a zaune bai gaishe ta ba. Muna zuwa daidai ƙofar ya saki sitiyari, ya ɗaga hannu biyu, ya ɗan rusuna a cikin bel, ƙafarsa ta tashi daga inda take.

Motar ta yi tari ta mutu. Sannan ta fara silalowa baya, wajen tankar.

Na take birkin gefena, na ja na hannu. Mai tanka ya kwanta a kan hon. Goggo ta buɗe ido.

“Cire rigar,” ya ce da raɗa. “Yi maza. Zan ce daga asibiti na ɗauko ki.”

Ku ba shi haƙƙinsa, ya yi ƙoƙari. Har na kai hannu kan zip ɗin. Sai ga Goggo ta iso taga da fara'arta.

“Ikon Allah, an gyaro ta? Kai madalla. Har da ado a sama.” Ta leƙo ta gan ni. “Au, har ka fara ɗauko ta? Ka ga ɗan albarka. Ke kuma wace riga ce wannan, a asibitin suke rabawa?”

Goggo ba ta karatu. Yaya yana yi. Ya taso a hankali, ya karanta allon saman, ya karanta jikin ƙofa, ya sunkuyo ya leƙa kujerar baya.

“Motar makaranta ce,” ya ce. “Ina malamin?”

Sannu ya murɗa makulli, motar ta tashi, ya saki kuloci, ta mutu. Ya sake, ta sake. Gumi ya jiƙa farar rigar nan har ana ganin singileti. Mai tanka ya leƙo da kansa yana tambaya ko gadon layin aka bar mana. Maƙwabta suka fara fitowa, masu sa idon nan da aka daɗe ana min gargaɗi a kansu, yau dai Allah ya kawo musu abin gani.

Tayar da mota a kan hawa ba aikin ɗalibin da ya fara hawa titi yau ba ne. Ni na sani, motar ma ta sani. Na sauke hannuna daga zip ɗin, na buɗe ƙofa, na fito.

“Koma ciki,” Yaya ya ce ta cikin haƙora. “Ana kallo.”

Na zagaya ta gaban motar.

“Ina sandar?”

“Tana but, Yaya.”

Goggo ta biyo ni da sauri, ta kama gefen rigata, ta kawo baki saitin kunnena. “Ki ɗingisa mana, 'yar nan. Ko yaya ne.”

“Wanda nake yi ɗin shi ne nawa, Goggo.”

Na buɗe ƙofar direba. Sannu ya ɗago ya kalle ni, sannan ya kwance bel, ya fito, ya zagaya ya zauna inda na tashi, bai kalli kowa ba. Na ja kujera gaba, na gyara madubi. A nan na hango Umma a bakin ƙofa, hannunta jiƙe da kumfa. Ta kalle ni a bayan sitiyari, kallo mai tsawo. Duk shekarun da na yi ina tuƙi ba ta taɓa gani da idonta ba.

“A hankali,” ta ce. “Akwai rami bayan kwanar.”

Na taka kuloci. Cinyar ta amsa tun daga ƙugu har tafin ƙafa, kamar an soka min ƙusa mai zafi. Na riƙe, na ba ta wuta kaɗan, na saki birkin hannu, motar ta haye kamar ba ita ba. A madubi na ga Goggo ta ɗora hannu a ka. Na ga Yaya ya biyo mu da ɗan gudu cikin takalmansa masu ƙyalli, ba don ya kamo mu ba. Lambar wayar makarantar da ke rubuce a bayan motar yake kwafa.

Na kauce wa ramin Umma, na fita babban titi. Duk canjin giya sai na cije leɓe, hannuna na hagu ya sauka kan cinyar yana dannawa ban sani ba.

“Yana ciwo,” ya ce.

“Kullum yana yi. A gida ma yana yi, sai dai a can ba ya kai ni ko'ina.”

Ya buɗe baki, na san kalmar da ke tahowa, sai ya rufe. Ya juya yana kallon shaguna.

Wayata ta fara ruri a ramin da ke gaban giya. Manaja. Danja ta ba mu hannu, motoci ta ko'ina, ba wurin tsayawa. Ta katse, ta sake ɗaukar ruri. Sannu ya miƙa hannu ya ɗaga.

“Tana tuƙi,” ya ce. “Ni ne ɗalibin.”

Muryar Manaja ba ta buƙatar a sa ta a sifika. “Tana tuƙi? Ita ke koya ko kai? Yanzu wani ya kira ni, wai yayanta ne, wai na ɗauki mara lafiya aiki za ta kashe min mutane. Ni rigimar gidansu ba ruwana. Kai ka shiga motar, kai zan tambaya. Ta iya aikin, ko kana da ƙorafi? Abin da ka ce shi zan bi.”

Sannu ya sauke wayar, ya rufe ta da tafin hannunsa. Ya daɗe yana kallon hannuna a kan sitiyari.

“In mun yi aure,” ya ce, “za ki bar aikin?”

Na sa sigina, na duba madubi, na shiga layin da zai kai mu makaranta.

“A'a.”

Ya gyaɗa kai a hankali. Sannan ya ɗauke hannunsa daga kan wayar, ya mayar da ita kunne.